Ɗinkin Labule a Gida

Tun kafin keken ɗinki ya shigo ƙasar Hausa mutanenmu sun san darajar sitira a bakin ƙofa, domin asabari da tufaniya su ne suka riƙa tsare mutuncin ɗaki, har zuwa lokacin da yadi ya wadata a kantuna, labule ya gaji wannan aiki, ya zamana ba a cewa jeren amarya ya kammala sai an rataya shi. Shari'a kuwa ta riga ta shimfiɗa ladabin, tun da Suratun Nur ta yi umurni da neman izini da sallama kafin shiga gidan wani, labule kuma shi ke sa baƙo ya dakata ya cika wannan sharaɗi.

Shi keken, wanda Isaac Singer ya yi wa nasa samfurin rajista a Amurka a 1851, yau ga shi birjik a gidaje, ko Singer ko Butterfly na ƙasar Sin, amma da yawa suna nan lulluɓe da tsumma, alhali uwargida tana kai wa tela aikin da bai wuce miƙaƙƙen ɗinki ba. A ganina wannan israfi ne, gama labule ba shi da wuya ko hannu ko aljihu, kuma galibin aikinsa yana ƙarewa tun ba a taka keke ba.

Asalin mas'alar awo ne. Idan faɗin taga inci 48 ne, to, a tanadi yadi mai faɗin inci 96, watau ninki biyu, ko aƙalla ɗaya da rabi, saboda tattara ita ce kwarjinin labule, wanda kuma aka yi wa rowar yadi sai ka gan shi a sanƙame kamar an shanya zanen gado. A kan tsawon kuma a ƙara wajen inci 8, rabi na kalmasar sama inda ƙarfe zai ratsa, rabi na ƙasa. Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ya tambayi faɗin bandir kafin ya tambayi kuɗinsa, don akwai mai inci 45, akwai mai 60, lissafinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

In yadin na auduga ne, wajibi ne a jiƙa shi, a shanya, a goge kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, mai gaggawa kuma sai ya wayi gari labulensa ya ɗage ya bar ƙafafun mutanen ɗaki a fili. Wajen yanka, a tsinko zare ɗaya daga gefe a zare shi har ƙarshe, sa'an nan a bi gurbinsa da almakashi, gama shi ne hanyar da ba ta karkata. Kowace kalmasa a ninka ta sau biyu, a danne da dutsen guga, a kafe da fil. A ɗinke gefuna tukuna, sai sama, na ƙasa kuwa a jinkirta shi sai an rataya an ga inda ya tsaya, a bar inci guda tsakaninsa da daɓe saboda ruwan shara.

Allura mai lamba 14 ta wadatar ga matsakaicin yadi, mai kauri sai 16. A gwada ɗinkin a kan ƙyalle, in zare yana cukurkuɗewa ta ƙasa, yawanci laifin na zaren sama ne da ya yi sako-sako, ba na kwarkwaro ba. Tagar da ke fuskantar rana tana bukatar shafi na farin yadi, in ba haka ba launi ya koɗe da wuri; labulen ƙofa kuma, da yake iskar hunturu ba ta barinsa ya zauna, a saka masa 'yan ƙarafa marasa tsatsa cikin kusurwoyin kalmasar ƙasa kafin a rufe ta.