Batirin Mota Ya Gaji: A Sauya Shi Ko A Sayi Sabuwa?

Duk mai waya ya san wannan. Tana sabuwa, caji ɗaya yakan kai ta dare. Bayan shekara biyu, kafin la'asar ta mutu. Motar lantarki ma haka take, sai dai batirinta ba na dubu biyar ba ne. Shi ne abu mafi tsada a jikinta. Shi ya sa muka ɗauko wannan batu, domin tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na neman abin hawan da ba ya shan mai.

Kada a ce zancen Turai ne. A shekarar 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir. Litiyam ɗin da ake yin batirin da shi, ana haƙar dutsensa a Libata, nan ƙaramar hukumar Ngaski.

Batirin mota ba ya mutuwa rana ɗaya. Raguwa yake yi a hankali, kamar randa mai tsaga. Yawancin kamfanoni suna ba shi garantin shekara 8 ko tafiyar kilomita 160,000, kuma sukan ɗauka ya gaza idan abin da yake riƙewa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari. Wato motar da ke cin kilomita 200 da caji ɗaya, ta koma 140. Babban abokin gabarsa zafi ne, mu kuwa mun san ranar Yauri a watan Afrilu. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba a yi wa batirinta hanyar sanyaya shi da ruwa ba. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, suka yi ta ƙorafin batirinsu na saurin raguwa.

To, idan ya gaji, yaya za a yi? Mu amsar a bakin ruwa muka same ta. Mai jirgin da ke ɗaukar mutane a tafkin Kainji, idan injinsa ya tsufa, ba injin yake fara dubawa ba. Katakon yake ƙwanƙwasawa. In katako na da ƙwari, sai ya sayi inji ya ɗaura. In kuwa ya ruɓe, sabon inji ba zai hana ruwa shiga ba, asarar kuɗi ce kawai, har da ta rai.

Haka motar. A duba ƙasanta ko tsatsa ta ci, a duba birki da wayoyi da ƙafafunta. Idan lafiya lau suke, sauya batir ya fi, domin injin lantarki ba shi da fistin, ba shi da fulogi, ba a yi masa juyen baƙin mai, yana daɗewa ƙwarai. Wani lokaci ma ba dukan batirin ne ya lalace ba. A cikinsa akwai ƙananan batura da yawa da aka haɗa rukuni-rukuni, kuma rukuni ɗaya mai rauni yana iya ja wa sauran. Gwani zai iya cire wannan kaɗai. Har akwai masu sa wanda ya fi na asali girma: Leaf ta farko batirinta kilowat-awa 24 ne, ta 2017 kuwa 40, kuma wasu makanikai a ƙasashen waje suna sa na sabuwar a jikin tsohuwar.

Amma a nan ne muke jin tsoro. Batirin mota yana kai wajen bolt 350 zuwa 400, alhali na babur 12 ne kacal. Ba aikin mai gyaran rediyo ba ne. Dole sabon ya dace da kwamfutar motar da cajarta, in ba haka ba yana iya kama wuta, wutar litiyam kuwa tana da wuyar kashewa. Ga shi daga waje ake shigo da shi, da dala.

A ganinmu, sabuwar mota ta fi idan jikin tsohuwar ya gaji, ko kuɗin batirin ya kusa kai darajar motar gaba ɗaya, ko babu gwanin da zai sa shi ya kuma ba da garanti a rubuce. Wani ɗan ajinmu ya ce shi dai sabuwa zai saya ko ta halin ƙaƙa. Mun tambaye shi kuɗin, ya ce sai ya girma.

Tsohon batirin fa? Ba a jefa shi a bola, balle a tafkin da muke cin kifinsa. Wanda ya kasa jan mota yana iya riƙe wutar sola. Zai iya kunna fanka da ƙwan wuta a aji kamar namu na wasu shekaru.