Takarda Mai Wata Uku da Asalin Kartar Tarot

Da kaka ta yi, aka kai masara da auduga kasuwannin Funtua da Malumfashi, kuɗi suka shigo hannu, majalisun 'yan karta sukan cika da yamma. Wannan tsohon labari ne. Sabon shi ne wata karta daban da ke yawo a wayoyin samari da 'yan mata, inda za ka ga bidiyon wata tana jera katuna masu zanen rana da wata da hasumiya da ƙwarangwal, wai tana gaya wa mai kallo abin da zai same shi a aure ko a nema. Sunanta tarot, masu tallarta kuma suna cewa sirri ne da aka gada daga bokayen Fir'auna. Hukuncin duba a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, malamai sun gama magana a kansa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko a ma'aunin tarihi wannan da'awa ba ta da tushe.

Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370, daga ƙasashen Musulmi, musamman Misira ta zamanin sarakunan Mamluk. A 1377 har mahukuntan birnin Florence sun kafa dokar hana ta. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar wata kartar Mamluk mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan folo. Babu hoton mutum ko ɗaya a jikinta, sai zayyana da rubutun Larabci, har sarki da mataimakansa ma da suna aka ambace su. Wajen 1440 ne masu mulki a arewacin Italiya, irin na Milan da Ferrara, suka sa aka ƙara wa karta wasu katuna masu hotuna, daga baya ta tsaya a kan guda 78, 22 daga ciki su ne ƙarin. Wasa ne na fada, na cinye katin abokin wasa. Wadda aka yi wa gidajen Visconti da Sforza na Milan da hannu aka zana ta, aka yi mata ado da zinariya. Fiye da shekara 300 ana buga ta a haka. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa ai littafin hikimar tsohuwar Misira ce. A lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunawa. Da wani masani mai suna Champollion ya warware shi a 1822, ba a sami komai mai kama da tarot a ciki ba.

Ita karta ba komai ba ce face fallayen takarda da aka manne wuri ɗaya suka yi kauri, don haka yaɗuwarta ta jira arahar takarda. Kafin takarda, mutanen tsohuwar Iraƙi a kan ɗanyar laka suke rubutu, Misirawa kuma a kan wata ciyawar bakin kogin Nilu da ake tsagawa a jera a danne. Sahabbai sun rubuta wahayi a kan fata da ƙashin kafaɗar raƙumi da zarben dabino da fararen duwatsu, daga nan ne da kuma ƙirazan mahaddata Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar. Tarihin ƙasar Sin ya jingina ƙirƙiro takarda ga wani mutum mai suna Cai Lun a shekarar 105. Ta iso Samarƙand a ƙarni na 8, ta kai Bagadaza zamanin Haruna Rashidu, ta bi ta Andalus, a ƙarni na 13 kuma garin Fabriano na Italiya ya yi suna da ita.

Tsumma ne asalinta. Ana jiƙa tsofaffin tufafi da igiyoyi, a kirɓa su har su zama kamar kunu, a tsoma wata rariyar waya a ɗebo, ruwa ya tsiyaye, a matse, a shanya. Masu sana'ar a Italiya sukan lanƙwasa siririyar waya a ɗinka ta a kan rariyar, sai wurin ya fi sauran fallen rashin kauri. Shi ne tambarin da ba a ganinsa sai an ɗaga takarda a haske.

A nan ne labarin ya shigo gidajenmu. Ƙasar Hausa ta iya haɗa kusan duk kayan rubutunta: masassaƙi ya sassaƙa allo, almajiri ya feƙe alƙalami daga karan gamba, a dama gawayi da ƙaro a zuba a kurtu, baduku ya ɗinka tadarishi da gafaka. Takarda ce kaɗai sai an sayo, shi ya sa allo ya ɗauki nauyin karatu, a rubuta a wanke a sake rubutawa, ita kuwa a ajiye wa gwanin da zai rubuta Alƙur'ani da ka, ko malamin da zai kwafi littafi. A da, fatake ne ke kawo ta a raƙuma daga Tarabulus ta Ghat da Agadas zuwa Katsina da Kano. Heinrich Barth, wanda ya zo garuruwan biyu a 1851, ya ba da labarin takarda mai tambarin wata uku a kasuwar Kano, har ya ce da ita ake naɗe tufafin da aka saƙa a ƙasar. Littattafan hannu masu yawan gaske na ƙarni na 19 a Arewa an rubuta su ne a kan takardar masana'antar Galvani ta yankin Pordenone, arewa da Venice. Turawan sun zaɓi jinjirin wata ne don su ja hankalin masu saye Musulmi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne halin da waɗannan takardu suke ciki. Yankin Funtua da Bakori da Ɗanja da Malumfashi ƙasar noma ce mai ruwa, kuma tsangayu da gidajen malamai ba su ƙirguwa. Takardar tsumma tana iya shekaru ɗaruruwa ba ta lalace ba, ta fi ta yanzu da ake yi da itace, wadda ke ja ta karye tun mai ita yana raye. Amma ba ta jure gara da yoyon ɗaki da laimar Agusta. Magada da yawa sukan bar gafakar kaka a rataye don girmamawa, ba mai buɗewa, sai ranar da aka taɓa ta gari ya zubo.

Mai irin wannan gado ya fito da shi da rani, ya kaɗe ƙura da hannu busasshe, kada ya naɗe shi a leda domin leda na tara gumi, kada kuma ya liƙe yagaggen wuri da salatif. Fallayen ba ɗinkakku ba ne, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake mayar da su jere. Tambarin da ke ciki yana taimaka wa masana su ƙiyasta zamanin da aka yi rubutun, kuma a Arewa House da ke Kaduna akwai masu aikin adana irin waɗannan littattafai da ɗaukar hotonsu.