Sabon Gyara, Tsohon Hayaƙi: Abin Da Ke Sa Inji Shan Baƙin Mai Bayan An Sauke Shi

Garin Suleja, wanda shi ne ake kira Abuja kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya a 1976, gari ne da abincin jama'arsa da dama ya rataya a kan mota. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa suke kwana a Suleja da Madalla, su yi sammako su wuce Dutsen Zuma da Zuba zuwa wuraren aikinsu, su komo da almuru. Motar da ke wannan zirga-zirga kullum, ga lodi ga cunkoso, ba ta daɗewa sai injinta ya nemi a sauke shi a yi masa babban gyara.

To, a nan ne rigima kan taso. Mai mota ya zuba kuɗi, wataƙila ma da rance, an canja masa zobban fistin da gaskit, amma bai yi mako biyu ba sai ya ga hayaƙi yana bin bayansa, baƙin mai kuwa kullum sai an ƙara. Shi ya ce bakanike ya cuce shi, bakanike ya ce kayan da aka sayo ne jabu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a wannan shekara, kuɗin kayan gyara da na baƙin mai ya yi tashin da direban haya ba zai iya sauke inji sau biyu ba. Saboda haka ya kamata a gane ciwon tukuna kafin a sake kwance ko da ƙusa ɗaya.

A Fara Da Mai Sauƙi

Abu na farko shi ne a tabbatar ko ƙonewa man yake yi, ko kuwa yoyo ne. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. In an ga ɗigo da safe, to, gaskit ne ko wani sil bai zauna ba, wannan kuwa ƙaramin aiki ne. Sa'an nan a auna mai da sandar awo a wuri mai daidai, bayan inji ya huta, domin man da aka cika ya wuce layin sama shi ma yakan jawo hayaƙi.

Na biyu, a lura da launin hayaƙin da ke fita daga salansa. Baƙi alama ce ta fetur ya yi yawa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Shuɗi mai ƙaurin mai shi ne na baƙin mai.

Na uku, a duba ƙaramin bututun da inji ke fitar da iskar cikinsa ta kan murfin bawul. In ya toshe ko bawul ɗinsa ya lalace, mai yakan bi ta hanyar iska ya shiga silinda ya ƙone. Sau da yawa akan zargi zobba alhali laifin na wannan ɗan abu ne da ba ya cin kuɗi.

Sabon Zobe Sai Ya Zauna

Ba kowane hayaƙi ne shaidar mugun aiki ba. Sabon zobe ba ya kama bangon silinda nan take, sai sun goga juna sun saba. Don haka ne ake yi wa bangon ɗan kaushi da dutsen wasawa kafin a haɗa inji. A cikin kilomita 1,000 na farko, ɗan shan mai ba abin tsoro ba ne, muddin yana raguwa.

Amma direba yana iya ɓata aikin da hannunsa. In aka bar sabon inji yana aiki a tsaye sa'o'i da yawa da sunan ana horar da shi, bangon silinda yakan yi santsi kamar gilashi, zobba su kasa zama. Haka kuma in aka cika mota da buhuna tun ranar farko aka take totur. Abin da ya dace shi ne tafiya matsakaiciya, ana sauya gudu, sa'an nan a juye mai a canja filta bayan wannan zango na farko. In an wuce kilomita 1,500 hayaƙi bai ragu ba, ruwa ba ya tsami banza.

Bawul Ne Ko Zobe?

Lokacin da hayaƙin ke fita shi ke tona asirin mai laifi. In da asuba ne, sa'ad da aka tayar da mota bayan ta kwana, sai ya ɗauke bayan 'yan mintoci, ko kuwa ya taso sa'ad da aka sake taka totur bayan an sauko gangara a giya, to, mai ne ke tsiyayowa daga sama ta robobin wuyan bawul. Wannan gyaran kan silinda ne kawai, ba sai an taɓa gindin inji ba. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne sa'ad da mota ke hawan tudu ko jan kaya, zobba ake tuhuma.

Fulogi ma shaida ne. A kwance su duka a jera bi da bi. In ɗaya ne kaɗai ya jiƙe da mai, ciwon yana silindarsa, wataƙila zobe ya karye wajen sawa. In dukkansu ne, aibin na aikin ne gaba ɗaya. Daga nan sai a sa ma'aunin ƙarfin matsi a kowace silinda. Wadda ta gaza 'yan'uwanta a zuba mata cokali guda na mai a sake aunawa. In allura ta hau, zobba ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Sai dai a sani, zoben da ke share mai dabam yake da masu riƙe matsi, don haka awo yana iya fita lafiya lau alhali mota tana shan mai.

Inda Akan Yi Kuskure

Yawancin manyan kanikawa na Arewa sun koyi sana'a ne a kan Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun da kamfanin ya buɗe a 1975. Injinta yana da hannun riga na ƙarfe a kowace silinda, wanda akan zare a sa sabo tare da fistin. Injinan Toyota da Golf da yawa ba haka suke ba. Ramin a jikin bulok yake. In ya cinye ya buɗe, sabon zobe ba zai rufe shi ba, tilas a kai wa masu injin yanka su faɗaɗa shi, a sa fistin da zobba masu ƙarin kauri, kamar na rabin milimita. Tsallake wannan mataki don gudun kashe kuɗi shi ne babban tushen ɓarna.

Sauran kurakuran su ne kifa zobe, alhali akan rubuta alama a gefen da ke duban sama. Jera bakunan zobba a layi ɗaya maimakon a rarraba su. Da barin tsohuwar matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke bi ta cinye sabon aiki.

Mai mota shi ma yana da nasa rabon. Ko a Zuba ya sayo kaya, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tuna araha ba ta ado, ya kuma guji man da ake aunawa a kwalba bakin titi. Ya nemi a auna silinda a gabansa, a ba shi tsofaffin kayan da aka cire, a kuma yi yarjejeniya gaban shaidu a kan wanda zai ɗauki hasara in hayaƙi ya dawo. Bakanike na ƙwarai ba zai ƙi wannan ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.