Ba kullum laifin batir ba ne

Ina yaro a Kamsaoghin, duk sanda muryar Sashen Hausa na BBC ta dusashe, sai Baba ya bubbuga rediyonsa ya ce batir ya mutu. Sai da na girma na gane wani lokacin daga sama matsalar take.

Can sama akwai wata shimfiɗar iska mai ɗauke da lantarki, ayonosfiya, ita ke dawo mana da shirye-shiryen gajeren zango. A samanta kuma garkuwar maganaɗisun duniya ce. Idan rana ta turo guguwarta, wutar lantarki mai ƙarfi takan bi layukan maganaɗisu ta sauko cikin shimfiɗar, ta ƙuryar arewa da ta kudu. Kristian Birkeland ɗan Norway ne ya yi hasashenta a 1908. Irin wannan guguwa ce ta jefa Kebek ta Kanada cikin duhu awa 9 a Maris 1989.

To mu ina ruwanmu? Girgizar takan iso har yankinmu, ta dagula wata wutar da ke gudana gabas da rana, kimanin kilomita 100 sama, saitin arewacin Kodebuwa. Sai rediyo ya shaƙe, GPS ya ɓatar da direba.

Abin da ya burge ni, nan Wagadugu aka yi ta auna wannan shimfiɗa daga 1966 zuwa 1998, kuma Farfesa Frédéric Ouattara na jami'ar Kudugu ya yi nazari a kan ma'aunan. Allah sarki Baba, rediyon nan ya sha duka a banza.