Titin Da Ruwa Ya Ci, Hotuna Suka Ajiye

A jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin gari a bakin kogi, sunansa Black River Falls. A dā garin masu aikin katako ne. Sukan sare itatuwa a jeji, su tura gumagumai cikin kogi, ruwa ya kai su wurin injin tsagawa. A shekara ta 1879 wani mutum mai suna Charles Van Schaick ya buɗe shagon ɗaukar hoto a garin. Ya yi wajen shekara sittin yana wannan aiki, ya rasu a 1946.

Ɗaukar hoto a zamanin nan ba wasa ba ce. Akwatin hoton babba ne, bisa ƙafa uku. Mai ɗauka yakan rufe kansa da baƙin ƙyalle, hoton kuwa a kan faifan gilashi yake kamawa. Gilashi yana da nauyi, ga saurin fashewa. Duk da haka fiye da 5,000 na faifan mutumin nan sun tsira, suna ajiye a ƙungiyar tarihi ta jihar a birnin Madison.

Me muke gani a ciki? Ga mai kanti tsaye a bakin ƙofarsa tare da yaran shago, sunansa a rubuce bisa allo. Ga kekunan doki a jere a titin da bai san kwalta ba. Ga kuma ranakun biki, sa'ad da masu busa ƙaho da masu ganga suke maci ta tsakiyar gari, an kafa tutoci, jama'a sun cika gefen hanya da tufafinsu na ado. A lokacin ba wanda ya ɗauki waɗannan hotuna da wani muhimmanci. Titinsu ne, kullum suna binsa.

Sai ga watan Oktoba na 1911. Aka yi ruwan sama mai yawa, madatsun ruwa da ke sama da garin suka kasa riƙe shi. Kogin ya bar hanyarsa, ya haƙa sabuwa ta tsakiyar kasuwa. Kantuna suka yi ta ruftawa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar da aka gina su a kai ta tafi. An sāke gina gari, amma wanda yake so ya ga tsohon titin yau, sai dai ya duba gilasan Van Schaick.

A 1973 wani marubuci, Michael Lesy, ya zaɓi waɗansu hotunan ya buga littafi mai suna Wisconsin Death Trip. Ya sa na jarirai a akwatin gawa, ya haɗa da labarun hauka da gobara da kisan kai daga tsohuwar jaridar garin. Littafin ya yi suna ƙwarai. A ganinmu kuwa bai yi wa mutanen adalci ba. Baƙin cikin gaskiya ne, gama cututtuka sun kwashe yara da yawa a shekarun nan. Amma iyayen da suka binne 'ya'yansu, su ne dai suka buɗe kanti da safe, suka fito kallon maci.

Akwai kuma mutanen Ho-Chunk, 'yan asalin ƙasar. Gwamnati ta kore su zuwa yamma sau da yawa, da yawansu kuwa suka yi ta komowa gida. Sukan shigo gari, su shiga shagon Van Schaick a ɗauke su da iyalinsu, waɗansu da kayan gargajiya, waɗansu da kwat. Shekaru da yawa daga baya dattawansu suka zauna suna duban fuskokin, suna faɗin wane ne wannan, ɗan wa ne. A 2011 aka buga hotunan cikin littafi tare da sunayen, har jikoki suka ga kakannin da ba su taɓa gani ba.