Taron Mako-mako da Ranar Gwajin Lafiya

A garuruwa da yawa mukan ga an kafa rumfa a filin makarantar firamare ko a bakin kasuwa, an jera bencina, ma'aikatan lafiya suna auna jinin mutane kyauta. Sau da dama masu shirya wannan aiki 'yan ƙungiyoyin hidima ne, irin su Rotary da Lions. Jama'a sukan ga ranar gwajin kaɗai, amma a bayanta akwai taron da ake yi mako bayan mako. Mun ga ya dace mu bayyana yadda wannan yake tafiya, domin ƙungiyoyin mata, na matasa da kwamitocin lafiya na ƙauyuka suna da abin koyo a ciki. Abu mafi muhimmanci shi ne abin da ke faruwa da mutum bayan an gaya masa sakamakon gwajinsa.

Asalin waɗannan ƙungiyoyi

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya fara Rotary a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ran 23 ga Fabrairu 1905, tare da abokansa uku. Da farko sukan yi taronsu bi da bi a ofisoshin juna, kuma daga wannan zagayawa ne sunan ƙungiyar ya fito. Ita ma ƙungiyar Lions a Shikago aka kafa ta a 1917, kuma tun 1925 ta mai da hankali ga lafiyar ido da taimakon makafi.

A Najeriya, kulob ɗin Rotary na farko a Kano aka buɗe shi a 1961. Daga cikin membobinsa ne aka sami Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, daga 2003 zuwa 2004. Mutane da yawa sun san ƙungiyar ta wurin yaƙi da cutar shan inna, wanda ta ɗauka gadan-gadan tun 1985. An ga ƙwayar shan inna ta daji na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a watan Agusta 2020 aka tabbatar cewa ta ƙare a yankin Afirka. Wannan aiki ya ɗauki shekara 35. Ƙungiyar da ba ta saba haɗuwa a kai a kai ba, da wuya ta jimre haka.

Abin da ake yi a taron mako

Kowane kulob yana da ranarsa, da lokacinsa, da wurinsa, kuma ba a cika canja su ba. Bisa al'ada sau ɗaya a mako ake haɗuwa, ko da yake tun 2016 an ba kulob damar rage taron, muddin bai kasa sau biyu a wata ba. Shugaba yakan buga ƙararrawa a buɗe taro, ya sake bugawa a rufe. A tsakani akan gabatar da baƙi, sakatare ya karanta abin da aka yanke a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai wanda aka ɗora wa kula da tsari, shi ne yakan ci tarar wanda ya makara, cikin raha, kuɗin kuma su shiga asusu. Sau da yawa akan gayyaci wani masani ya yi ɗan gajeren jawabi a kan sana'arsa.

Abubuwa uku ne muka ga suna riƙe da irin wannan ƙungiya. Na farko, membobi suna fitowa daga sana'o'i dabam dabam: likita, malamin makaranta, ɗan kasuwa, mai harhaɗa magunguna, injiniya. In aiki ya taso, kowa yana da abin kawowa. Na biyu, shugabanci na shekara ɗaya ne, yana farawa ran 1 ga Yuli, don haka ƙungiya ba ta zama mallakar mutum ɗaya. Na uku, duk wanda ya ɗauki alkawari ya san cewa mako mai zuwa za a tambaye shi a gaban 'yan'uwansa. Hausawa sun ce yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.

Daga teburin taro zuwa ranar gwaji

Ranar gwaji takan ɗauki makonni ana shirinta. Wani babban misali shi ne shirin Rotary na ranakun lafiyar iyali, wanda ya fara a gabashin Afirka a 2011, daga baya ya iso Najeriya. Ko aikin babba ne ko ƙarami, matakan kusan ɗaya ne.

Akan fara da zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi izini da shawara. Sai a yi magana da asibitin da ke kusa, domin a san inda za a tura waɗanda aka sami matsala a jikinsu. Sai a nemi nas-nas da sauran ma'aikatan lafiya da suka sami horo. Sai a tanadi kayan aiki: na'urar awon jini, na'urar gwajin suga da tsinkayenta, safar hannu, auduga, da akwatin zubar da alluran da aka yi amfani da su. Akan yi sanarwa a coci, a masallaci da ranar kasuwa. Ya kamata a zaɓi lokacin da manoma ba sa gona, a kuma keɓe wurin da mata za su sami sutura.

Me lambobin suke nufi?

Dalilin gwaji shi ne akwai cututtukan da suke cin mutum a ɓoye. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 suna da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Mutum yana iya noma, yana kasuwa, yana jin ƙarfi, alhali jininsa yana lalata masa zuciya, ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wasu ba sa sani sai ranar da ɓarin jikinsu ya shanye.

Hawan jini: Na'ura takan nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. Amma awo ɗaya bai isa a ce mutum yana da ciwon ba. Sai an sake aunawa a wata rana dabam an sami haka. Kafin awo, mutum ya zauna ya huta na minti biyar, kada ya yi magana lokacin da ake aunawa, kuma ya guji goro, taba da kofi na rabin awa. In lamba ta kai 180 bisa 120, musamman tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko duhun gani, a kai shi asibiti nan take.

Ciwon suga: Gwaji mafi kyau shi ne na safe, bayan awa takwas ba a ci komai ba. A irin wannan gwaji, lamba 126 ko fiye alama ce ta ciwon suga. Wasu na'urori suna da ma'auni dabam, inda wannan lamba take fitowa 7.0. In mutum ya riga ya ci abinci, lambar da ake dubawa ita ce 200, ko 11.1 a ɗaya ma'aunin. Shi ma wannan sai an tabbatar a asibiti.

Ƙanjamau da ciwon hanta: Waɗannan ba a yin su sai da yardar mutum, kuma sakamakon sirri ne tsakaninsa da ma'aikacin lafiya. Ba a faɗar sakamako a bainar jama'a, ba a ba wa wani ya kai masa.

Ido: Akan duba ƙarfin gani, da yanar ido. Tabarau na karatu yana taimakon dattawa da yawa, yanar ido kuwa aikin tiyata ne, kuma ana warkewa.

Bayan an naɗe rumfa

Nan ne aiki yakan lalace. An auna mutum, an gaya masa jininsa ya hau, an ba shi 'yar takarda, ya koma gida. Kuɗin mota zuwa asibiti babu, jikinsa kuma ba ya ciwo, sai ya sa takardar a ƙarƙashin katifa. Wani kuma yakan sha magani na wata ɗaya, ya ji sauƙi, ya daina. Hawan jini da ciwon suga ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake shan magani kwana uku a gama. Yawanci ana shan maganinsu ne har tsawon rai, kuma dainawa ba tare da shawarar likita ba yana da haɗari ƙwarai.

Saboda haka yawan mutanen da aka auna ba shi ne ma'aunin nasara ba. Tambayar da ta dace ita ce: cikin waɗanda aka tura asibiti, mutum nawa ne suka je, kuma nawa ne suke kan magani bayan wata uku? Ƙungiyar da take haɗuwa kowane mako tana iya bin wannan sawu. Kwamitin da aka kafa domin rana ɗaya ba zai iya ba, gama kashegari kowa ya watse.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Ba sai muna da kuɗi irin na manyan kulob ba. Ga waɗansu matakai masu sauƙi:

1. Mu tsai da ranar taro da lokacinsa, mu kuma kiyaye shi, ko da mutum biyar ne suka zo.
2. Mu rubuta wanda ya ɗauki kowane aiki, mu tambaye shi a zama na gaba.
3. Kafin mu gayyaci masu gwaji, mu daidaita da asibitin da za a tura mutane, mu san ranar da yake karɓar masu hawan jini da suga.
4. Mu naɗa mutum biyu masu riƙe amana, mace da namiji, su ziyarci waɗanda suka yarda a ziyarce su bayan mako biyu.
5. Mu buɗe ƙaramin asusu domin kuɗin mota na marasa ƙarfi.
6. Mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar awon jini ɗaya, ma'aikacin lafiya ya koya mana amfani da ita, mu riƙa awo sau ɗaya a wata.
7. Mu koyar da rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

In akwai kulob na Rotary ko Lions a garinmu, muna iya rubuta masu wasiƙa mu bayyana bukatarmu. Mu faɗa masu abin da mu ma za mu yi bayan sun tafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

Yaushe aka yi gwajin lafiya na ƙarshe a unguwarmu, kuma me ya faru da waɗanda aka tura asibiti?

Me yake hana mutanenmu komawa asibiti: kuɗi, nisa, tsoro ko rashin bayani?

Wa a cikinmu mutane za su amince su gaya masa sakamakon gwajinsu?

Wane aiki ɗaya ne za mu iya kammalawa kafin taronmu na mako mai zuwa?