Audugar da ta ƙi yin gashi, da sauran abubuwan mamaki

Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Takan ɓullo a jikin angurya ranar da fure ya buɗe, ta yi ta miƙewa kusan mako uku har ta kai santimita 3, a wasu irin ma ta haura 5. Dubbansu ne a kan angurya guda.

Audugar da ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke nomawa kuwa ruwa biyu ce. Kakanta ɗaya daga ɓangaren Afirka da Asiya yake, ɗayan daga nahiyar Amurka, kuma sun haɗu shekara miliyan 1 zuwa 2 da suka wuce, tun babu jirgin ruwa. Ana kyautata zaton iri ne ya ƙetare teku. Wannan haɗuwa ce ta sa take da kuromosom 52, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, alhali kowane kaka 26 gare shi.

Masu bincike sun fi ɗaukar darasi daga tsiron da manomi zai tuge ya yar. A 1929 wasu masana biyu a Amurka, Griffee da Ligon, suka ba da labarin wata auduga mai murɗaɗɗen kara da yamutsattsen ganye, wadda gashinta ba ya wuce milimita 6. Ko gwanar kaɗi ba za ta fitar da zare daga gare ta ba. Aka yi ta barbararta da lafiyayyar auduga, ana shuka jikoki, ana duba wace alama ce a jikin kuromosom ba ta rabuwa da wannan nakasa. Sawu ya kai ga kuromosom na 22. Sai a 2017 aka kama mai laifin: harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar gadon da ke yin aktin, sinadarin da ke zaman dirka a cikin silin. Shekara 88 ana cigiyar harafi guda!

Wannan nakasa tana da takwara a kuromosom na 18, wadda ta fi ta rainin hankali. Kara lafiya, ganye lafiya, sai gashi guntu. Akan ma sami tsiro guda, wani reshe da guntun gashi, wani da dogo.

Akwai kuma mai tsiraicin iri. Bayan an gurje auduga, angurya kan fito da ɗan gajeren gashi manne a jikinta, amma wannan takan fito baƙa sumul. Masanan Sin sun gano musabbabin a kuromosom na 12 a 2016. Masu masana'antar gurza ba sa yi wa wannan kallon nakasa, domin irin da gashinsa bai manne sosai ba ya fi saurin gurzuwa, kuma ba ya cin wutar lantarki da yawa.